Sunan da Kawu Ya Sa Na Soke

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu komawa ranar wata Talata da hantsi, a wani asibiti a Deira, cikin shekarar 2021. Lokacin annoba ne, ba a yarda a taru ba. Maza 'yan kaɗan ne suka raka shi maƙabarta can bayan gari, da mijina a cikinsu. Mu mata muka zauna a gidansa na Al Buteen, kowace da takunkumi a fuska, gaisuwa tana ta shigowa ta waya.

Wani ɗan kasuwa ya kira matar Kawu daga Kano yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Hajiya, shi ke nan, kargo ya mutu a Dubai! Wa za mu ba amana yanzu?" Ɗan Iran ɗin da shagonsa ke jikin ofishin Kawu ya ja ƙofarsa ya rufe har la'asar, mutumin da ake cewa ko ranar Idi sai ya leƙo ya ga ko akwai ciniki. Wata bazawara daga Damagaram ta turo murya mai tsawo, rabi kuka rabi addu'a. Sai kafilin Kawu, wato mai tsaya masa a takardun zama, wani dattijo ɗan ƙasa da suka yi shekara talatin tare, ya kira matar Kawu, ita kuma ta buɗe wayar don mu ji. Ya ce, "Wannan ɗan'uwanmu ne, wallah. Jinin Larabawa ba ya ɓuya, ku dubi fuskarsa." Matan da ke falon suka ce haka ne, ni kuwa na sunkuyar da kai.

Bayan azahar matar Kawu, wadda muke kira Hajiya, ta kamo hannuna a gaban mutane.

"Ya bar mini saƙo a kanki. Ya ce in roƙe ki ki yafe masa."

"Haba Hajiya, me Kawu ya taɓa yi mini? Na yafe masa duniya da lahira."

"Ƙara faɗi, 'yata."

Na ƙara, har sau uku, ina kuka. Ta juya ta ce wa matan, "Ku shaida." Ban kawo komai a raina ba, don roƙa wa mamaci gafara ba baƙon abu ba ne.

Yanzu an yi arba'in. 'Yan'uwanmu na nan Dubai sun ce in rubuta wani abu don kada a manta da shi, tunda ni ce 'yar ƙanwarsa kuma ni ce mai yawan rubuce-rubuce. To ga shi na rubuta. Amma duka zan faɗa, da mai daɗin da marar daɗin, domin raina a ɓace yake da Kawu, kuma ban iya yabo da baki ɗaya ina cizon yatsa da ɗayan ba.

'Yan kasuwa suna ce masa Balaraben Kargo. Dogo ne, fari, da hanci har baka, idanunsa kuma ba baƙaƙe ba ne sosai. Aikinsa tura kayan mutane gida: atamfa, turare, wayoyi, kayan gyaran mota, duk abin da Bakano zai iya saya ya sayar. Abin da ya fi alfahari da shi kuwa shi ne neman kayan da suka ɓata. In kwalinka ya yi ɓatan dabo tsakanin sito da kwantena, Kawu za ka samu. Zai gyara hula ya ce, "Kaya ba sa ɓata, habibi, mai nema ne yake gajiya." Bazawarar nan ta Damagaram, jarinta kaf yana cikin kwali shida da suka ɓace. Kawu ba shi ya yi mata lodi ba, bai ma san ta ba, kuka kawai ya tarar tana yi a bakin wani masauki. Mako bakwai ya yi yana bin sito-sito da ƙafarsa a cikin zafin nan da ke narka takalmi, har ya gano su an liƙa musu alamar wani. Da ta kawo masa tukwici, ya ce ta saya wa marayunta takalman makaranta.

Yana da doka guda da duk wanda ya taɓa zama a ofishinsa ya haddace. In an kawo maka kaya, ga takarda ka sa hannu, sai ya buge biron daga hannunka. "Kada ka kuskura ka sa hannu sai ka buɗe kwali ka ga abin da ke ciki. Ko ni na kawo maka." Har a gida haka yake. In ya ba 'yata alawa a leda sai ya ce, "Buɗe tukuna, sannan ki yi godiya. Wa ya sani ko tsakuwa na zuba?"

Shi ya kawo ni Dubai. Na karanta harkar magunguna, ya nemo mini aiki a wani ƙaramin asibiti, daga ranar kuma ban sake jin sunana a bakinsa ba, sai Likita. In na ce, "Kawu, ni ba likita ba ce, magani nake bayarwa," sai ya ce, "To mai tuwo da mai rabawa, wa ya fi kusa da mai jin yunwa?" Da muka kama gida a Al Warsan, nesa da shi, kowace Juma'a sai ya shiga mota ya zo da dabino da nama, ya zauna ya kushe shayina. Shayinsa madara ce da aka nuna wa ganyen shayi daga nesa. Kullum bayan la'asar kuma yana Port Saeed, bakin ruwan Deira, a kan wani benci, yana kallon jiragen katako ana loda musu kaya, yana fito. Waƙa ɗaya ce tal, ba ta canzawa. Hajiya ta yi faɗan har ta gaji. "Dattijo da furfura yana fito kamar ɗan tasha! Za ka tara mana shaiɗanu." Shi kuwa ko a jikinsa.

Abin da duniya ta sani game da asalinmu shi ne, mahaifin Kawu da Inna, wato mahaifiyata, wani Balarabe ne fatake da ya rasu a hanya suna ƙanana. Da wannan labarin suka girma a Kano a gidan mijin Kaka na biyu, da shi aka aurar da Inna, da shi Kawu ya aurar da 'ya'yansa mata huɗu. Gaskiyar kuwa Kaka ba ta faɗa wa Inna ba sai a ciwon ajalinta. Ba Balarabe ba ne. Bature ne mai aikin haƙar kuza a wajen Bukuru, ba a kuma ɗaura musu aure ba. Ya koma ƙasarsu Kawu yana ɗan shekara shida, Inna tana jaririya, bai sake dawowa ba. Kaka ta ce in aka kira shi Baturen Ingila har ja yake yi don fushi, ya ce shi ɗan Ailan ne.

Sunansa fa? Nan ne gizo ke saƙa. Leburorin kuza ba sa wahalar da harshensu da sunan Bature, laƙabi suke liƙa masa. Wannan yana da 'yar sarewar ƙarfe da yake busawa da yamma, sai ya zama Mai Sarewa. Kaka ta zauna da shi shekara bakwai, Mai Sarewa take ce masa, ba ta yi boko ba, ba ta taɓa riƙe sunan da ke kan takardunsa ba. Da Inna ta tambayi yayanta, sai ya ce, "Ni ina yaro, me na sani? Mai Sarewa kowa yake cewa. Bar tone-tone, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba."

Inna ba ta bari ba. Mace ce mai surutu da dariya, ba ta iya ɓoye komai, amma wannan abu ɗaya ta ɗaure shi a ciki, ni kaɗai take kwance wa. "Ni ba gadonsa nake so ba," in ji ta. "Ko akuya an san bunsurun da ya haife ta in an bincika. Sunan kawai nake so in ji da kunnena kafin in mutu."

A Babbar Sallar 2016 na gayyato wata abokiyar aikina cin nama a gidan Kawu. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar Ailan, mai kirki, mai son yaji fiye da ƙarfinta. Kawu yana yanka nama yana fitonsa, sai na ga ta ajiye cokali. Ta saurara, sannan ta kama waƙar da bakinta ta ƙarasa masa har ƙarshe. Ta ce, "Kakata tana rera mana wannan! Ta yankinmu ce. A ina Baba ya koya?" Wuƙar ta tsaya a hannun Kawu. Ya ce, "A rediyo," ya tashi wai zai yi alwala, alhali bai daɗe da idar da sallah ba.

Washegari a wurin aiki na ba ta labarin duka. Ita ta nuna mini ƙofar. Ta ce mutanensu 'yan ci-rani ne tun kaka da kakanni, akwai ƙauyukan da suka watse kaf, wasu Amurka, wasu Ostireliya, wasu duk inda aka ce akwai aiki. Ta ce a da in saurayi zai tafi, taro ake yi masa kamar na zaman makoki, don an san ba lalle a sake ganinsa ba. Na ce mata ashe ba mu kaɗai ba ne. Saboda wannan watsewar, jikokinsu sun dage da neman asali, an zuba takardu da yawa a intanet: ƙidayar jama'a ta farkon ƙarnin da ya wuce, gida-gida da sunan kowa da shekarunsa, rajistar baftisma ta coci-coci, da jerin fasinjojin jiragen ruwa. Wasu takardun sun ƙone tun da daɗewa, amma saura na nan. Sai dai duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa, abin da za a fara tambayarka shi ne suna. Ni kuwa Mai Sarewa nake da shi.

Na kira Inna na yi mata alkawari. Wannan shi ne kuskurena, na yi alkawari da abin da ba ya hannuna.

Da na gaya wa Kawu zan sa cigiya a dandalin masu neman dangi, da hoton Inna, sai ya buga tebur har shayi ya zube. Ban taɓa ganinsa haka ba.

"Ke, kina da hankali? Uwarki za ki kai kasuwa ki kwance mata zane?"

"Kawu, ita ta sa ni."

"Ita ba ta da ƙulli a baki! Akwai sunan da ake kiran ɗan da aka haifa ba aure, kin san shi ko in faɗa miki? 'Ya'yana huɗu suna ɗakin mazajensu. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Khalas, na kashe maganar nan!"

Na ce masa laifin da ba su suka yi ba, ba zai zama abin kunyarsu ba. Ya ce in je in faɗa wa surukan Kano haka. Wata uku bai taka gidana ba, ni ma na ƙi zuwa, don taurin kan gado ne.

Ban sa cigiyar ba, amma ban daina nema ba. Tunda ba ni da suna, sai na bi ta baya. Na shiga jerin fasinjojin jiragen da ke tashi daga Liverpool zuwa Legas a shekarun da suka dace, ina tsintar duk namijin da aka rubuta aikinsa haƙar ma'adinai kuma adireshinsa Ailan. Duk wanda na samu sai in koma takardun ƙidaya in ga ko shekarunsa sun yi daidai. Ranakun hutuna duka a nan suka ƙare, har mijina ya fara ce mini magatakardar matattu. Na tara suna ashirin da uku a wani littafi mai koren bango.

Sai ga Kawu wata Juma'a da dabinonsa, kamar ba a yi komai ba. Ya kushe shayi, ya tsokani 'yata, sannan ya ce, "Likita, na yi tunani. Haƙƙin uwarki ne. Kawo sunayen nan ki karanta mini, wataƙila in na ji kunnena ya tuna." Wallahi sai da na yi hawaye don murna. Na ce a raina, mai gano kwalin da ya ɓata ya shigo cikin aikin, an gama.

A bencinsa na Port Saeed muka zauna, da la'asar, ana ta loda firji da buhunan shinkafa a jirgi. Ina karantawa yana girgiza kai. Da na zo kan suna na tara, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya daɗe yana kallon ruwa, ya kurɓi shayi, sannan ya ce, "A'a. Wannan bai yi kama ba ko kaɗan. Soke shi." Na sa jan biro na soke. A ƙarshe ya zaɓar mini uku ya ce kamar ya taɓa jinsu.

Kusan shekara biyu na yi ina bin mutum ukun nan. Ɗaya na bi shi har Ostireliya, ashe bai wuce wata shida a Najeriya ba. Ɗaya a Gana ya yi aikinsa. Na ukun na samu jikarsa a Amurka, na rubuta mata wasiƙa mai tsawo, ta amsa da ladabi cewa kakanta bai taɓa zuwa Arewa ba. Duk lokacin da hanya ta toshe, wurin Kawu nake zuwa in yi ƙorafi, shi kuma ya lallashe ni. "Allura cikin ruwa ce, Likita, mai rabo ka ɗauka. Yalla, ci gaba." Har kuɗin shiga wasu shafukan shi ya riƙa biya mini.

A 2018 jikin Inna ya yi tsanani, muka tafi Kano tare da shi. Ta rame har ba ta iya ɗaga kofi, amma da ta gan ni abin da ta fara cewa shi ne, "Kin samo?"

"Saura kaɗan, Inna."

Ta yi murmushi irin na wadda ta san ana lallashinta. Kawu yana zaune a ƙarshen gado yana jan carbi. Ta juya gare shi.

"Yaya, sunan na haƙura. Amma kai ka gan shi da idonka. Don Allah, ya taɓa ɗaukata kuwa? Ko sau ɗaya?"

Carbin bai tsaya ba. Ya ce, "Ban tuna ba."

Ta ce, "To." Kwana biyu bayan nan ta rasu. Na dawo Dubai na jefa koren littafin a ƙasan akwati, ina ganin ni ce na gaza. Shekara uku ina ɗauke da wannan nauyin, Kawu kuma yana zuwa kowace Juma'a yana ce mini in daina zargin kaina, na yi iya ƙoƙarina.

Ranar sadakar bakwai ɗinsa, da mutane suka ragu, Hajiya ta ja ni ɗaki ta miƙo mini wani ɗan kwali. An naɗe shi da salatif ta ko'ina yadda yake naɗe kayan mutane, a sama kuma da rubutun hannunsa: Likita.

Abin da na fara gani sarewa ce ta ƙarfe, ta yi tsatsa a baki. A ƙarƙashinta kwafin rajistar baftisma daga wani coci a Ailan. Sai shafin jerin fasinjoji, irin wanda na saba gani, an ja layi a ƙarƙashin suna ɗaya. Sai hoton Kawu yana da sauran ƙuruciya, cikin wata ƙatuwar rigar sanyi, a tsaye gaban wani kabari, ciyawa kore shar a bayansa. Sai wasiƙa daga wata mace, wadda na gane 'yar mutumin ce da ya haifa bayan ya koma ya yi aure. Ta rubuta cewa ta ji daɗin zuwansa, mahaifinsu ya sha yi musu maganar yara biyu da ya bari, kuma ga hoton da ya ajiye a aljihun jakarsa har ya mutu, a kai wa yarinyar.

Hoton yana ƙasa, a cikin ambulan. Wani dogon Bature ne a zaune bakin wani gida mai rufin kwano. Ɗan yaro yana jingine da gwiwarsa. A hannunsa kuwa jaririya ce, ya rungume ta a ƙirji, ba ya ma kallon mai ɗaukar hoton, ita yake kallo. A bayan hoton ya rubuta sunansa, da na yaron, da na Inna.

Ban yi kuka ba a lokacin. Na ɗauki kwalin na shiga mota har Al Warsan, na zazzage akwati, na ciro koren littafin. Suna na tara ne. Yana nan da jan layin da na ja masa da hannuna.

Da na koma, Hajiya tana zaune inda na bar ta.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haife ki da kaɗan ne, ko bayan. Lokacin da yake zuwa Ingila saro kaya. Kakarku ta ba shi wata tsohuwar ambulan tun yana saurayi, da sunan a jiki, ita ba ta san abin da aka rubuta ba. Da ita ya bi har ya gano garin."

"Kin sani ke nan, Hajiya. Kina kallo ina haukan nema."

"Ya rantsar da ni, 'yata. Ya ce in Innarki ta ga hoton nan, a falo za ta rataye shi, kowa ya shigo ta ba shi labari. Ya ce bari yaran su yi aure tukuna. Da suka yi, ya ce bari su haihu su zauna da gindinsu. Da ta rasu kuwa, ya ce da wane ido zai dube ki."

"Shi ya ce ki karɓi yafiyata kafin ki ba ni kwalin?"

Ta ce, "Shi ya ce."

A nan ne kukan ya zo, kuma ba na rashi ba ne, na takaici ne. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana buge biro daga hannun mutane, ni ya sa aka miƙo wa takarda a gaban shaidu, na sa hannu har sau uku, kwalin yana rufe a ɗaki. Ya san dokar, shi ya kafa ta. Ya kuma san da na buɗe tukuna, da bakina ya yi nauyi.

Na yi ƙoƙari in fahimce shi, Allah ya sani. Na tuna yaro ɗan shekara shida da aka ɗora wa ƙarya ya riƙe, ya girma a cikinta, ya yi suna da ita, har ɗan ƙasa yana rantsuwa cewa jininsu ɗaya. Na san gorin da yake tsoro ba wasa ba ne, na san bakin mutanenmu. Na kuma san mutumin da ya tsallaka teku shi kaɗai ya tsaya gaban kabarin nan, sannan ya yi sauran rayuwarsa yana fiton waƙa ɗaya a bakin ruwa, ba dutse ne a ƙirjinsa ba. Duk na yarda. Da ya ce mini ba zai faɗa ba, da na ce tsoro ne. Amma ya zauna kusa da ni ya ce in soke. Ya zaɓar mini baƙi uku ya tura ni bin su. Kuma ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, tana kan gadon mutuwa ta roƙe shi abin da bai fi kalma ɗaya ba. Ba sai ya fito da hoto ba, ba sai ya faɗi suna ba. "Ya ɗauke ki" kawai zai ce, ba wanda zai ji, ba auren da zai mutu. Wannan ne na kasa haɗiyewa.

Hajiya ta roƙe ni kada in bayyana sunan saboda yaran Kano. Ban rubuta shi a nan ba, amma ba don roƙonta ba ne. Wadda ya kamata ta fara jinsa ba ta ji ba, ban ga dalilin da zai sa 'yan kasuwar Deira su riga ta ba.

'Yata sunan Inna ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi. Shekararta goma sha ɗaya, ban taɓa kiranta da sunan yanka ba, don bakina ba ya iya furta sunan mahaifiyata. Ranar Juma'ar da ta wuce, a daidai lokacin da Kawu ya saba ƙwanƙwasa ƙofa da dabinonsa, na zaunar da ita a gabana. Na kira ta da sunan, cikakke, yadda aka raɗa shi. Ta zaro ido, don ta ɗauka laifi ta yi. Na ɗora mata hoton a cinya na ce, "Ga babanki." Na faɗi sunansa a hankali, sau biyu, da garin da aka haife shi. Na ce, "Ya ɗauke ki. Dubi yadda ya riƙe ki."

Ta dubi hoton ta dube ni. Yarinya ce mai wayo, ba ta ce mini babanta yana falo ba. Ta ce, "To, na ji."

Allah ya jiƙan Kawu. Ina faɗa da gaske, don ya yi wa mutane alherin da ba zai ƙirgu ba, ni ma na ci arzikinsa. Allah ya dubi kwalayen bazawarar Damagaram da irinsu, ya sa su yi masa nauyi a mizani, ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa da ba tasa ba. Nawa haƙƙin na riga na sa hannu, ba zan janye ba, ko da a rufe aka karɓa. Amma na Inna ba ni da ikon sa mata hannu, ba ta bar mini wannan wakilcin ba. Yanzu ya je inda take, sai ta sake tambayarsa.